Daga Bakin Allo: Sunan da ke gefen minda

A watan jiya mun yi alkawarin za mu ci gaba da maganar kuɗin makaranta da halin da iyaye suke ciki, to amma sai wani abu ya gitta wanda muka ga bai kamata a bar shi ya kwana ba. A yi mana aikin gafara, waccan magana tana nan tafe.

Ran wata Talata muna cikin darasin tarihi, mun zo kan yaƙin Sagrenti, sai wani yaro da ba ya yawan magana ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, a gidanmu akwai wani kuɗin Turawa na dā mai igiya, kakata ta ce na yaƙi ne." Aji ya fashe da dariya. Kashegari sai ga shi da abin a ƙunshe cikin tsumma, kuma daga baya muka gane ba da sanin tsohuwar ya ɗauko ba. Mun ja masa kunne a kan wannan, amma gaskiya ba mu yi baƙin cikin ganin abin ba.

Ba kuɗi ba ne. Lambar yaƙi ce, irin wadda tsofaffin sojoji suke kira minda. Ta azurfa ce, ta yi baƙi ƙirin don daɗewa. A fuska ɗaya ga kan Sarauniya Biktoriya da lulluɓi, a ɗaya fuskar kuma an zana faɗa a cikin kurmi, sojoji da bindiga, baƙaƙen mutane wasu a tsaye wasu a ƙasa. Ƙyallen ya kusa ruɓewa, amma ana iya gane rawaya ne da ratsin baƙi. A bisa ƙyallen akwai wani ɗan allo na azurfa a gicciye, an rubuta 1897-98. Da muka juya ta muka duba kaurin gefenta da gilashin ƙara girman rubutu na ɗakin kimiyya, sai ga lambar soja, ga muƙamin farabiti, ga suna, ga kuma sunan runduna a taƙaice, wato Gold Coast Constabulary.

Yaron ya ƙara mana da cewa akwai wani mutum da yake zagaya zango yana sayen tsofaffin kaya, su tsakiya da tasoshin tagulla da littattafan hannu, kuma ya taya wannan minda kuɗin da bai wuce na ƙaramin buhun shinkafa ba. Wannan shi ya hana mu barci.

Mai karatu zai ce, me mutum zai yi da tsohuwar azurfa? To ai ba azurfar ake saye ba. Nauyinta duka wajen oza ɗaya ne, in maƙerin fari ya narka ta ba za ta wuce 'yan zobba ba. A Ingila akwai mutanen da ba su da abin sha'awa sai tara lambobin yaƙi na zamanin Sarauniya Biktoriya. Suna da ƙungiya tun 1942 mai suna Orders and Medals Research Society, suna da mujallarsu, akwai kuma gidajen gwanjo a Landan irin su Spink da Noonans waɗanda suke buga littafi guda na kayan da za a yi gwanjonsu, kowace lamba da hotonta da tarihin mai ita. Abin da ya sa lambobin Ingila suke da farin jini wurinsu shi ne suna. Tun daga lambar yaƙin Waterloo na 1815, wadda ita ce ta farko da gwamnatin Ingila ta ba kowane soja da ya halarci yaƙi, daga janar har farabiti, aka ɗauki al'adar buga sunan mai lamba a gefenta, kuma galibin waɗanda suka biyo baya haka aka yi musu. Saboda haka sai ka ga lamba biyu iri ɗaya sak, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗaya ninki ba ninki, don kawai mai wannan ya yi wani fitaccen faɗa, ko an kashe shi a fagen fama, ko kuwa rundunarsu mutum kaɗan ne suka samu.

Ga yadda suke yi. In mutum ya sayi lamba, sai ya kwafi suna da lambar sojan, ya nufi gidan adana takardun gwamnatin Ingila da ke Kew, a gefen Landan. Akwai jerin rajistoci da ake kira WO 100, inda aka rubuta duk wanda ya cancanci kowace lamba, runduna runduna. Nan zai tabbatar ko sunan gaskiya ne, da kuma ko ɗan allon da ke kan ƙyallen nasa ne ko wani maƙetaci ya liƙa. Daga nan sai ya koma wani jerin, WO 97, takardun sallamar sojojin da suka kai ga fansho. In sojan Bature ne, a nan zai ga ƙauyen da aka haife shi, da sana'arsa kafin ya shiga soja, da tsawonsa, da launin idonsa, har da sau nawa aka kulle shi don maye. Sai ya bi rajistar ƙidaya da ta coci har ya gano inda aka binne shi. Duk ya rubuta a takarda, takardar nan kuma ta riƙa bin lambar duk hannun da ta shiga.

Da farko dariya abin ya ba mu, muka ce aikin wanda ya ƙoshi ne. Daga baya kunya ta kama mu. Mutum ya ɓata shekara guda yana bin sawun wani masaƙi da ya mutu tun kafin a haifi kakansa, wanda ba su haɗa komai ba, mu kuwa a tambayi da yawanmu sunan uban kakanmu sai mu hau sosa ƙeya.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne, cikin waɗannan lambobi akwai waɗanda a ƙasar nan aka yi yaƙinsu, kuma da mutanenmu aka yi. A 1863 wani hafsan jirgin ruwa mai suna John Glover ya kafa wata 'yar runduna a Ikko, akasarinta bayi ne masu jin Hausa da suka gudu daga iyayengijinsu. Bayan shekara 10, da Ingila ta ɗaura yaƙi da Asante a ƙarƙashin Sir Garnet Wolseley, wanda sunansa ne bakin mutanen ƙasa ya mayar Sagrenti, sai aka kawo waɗannan Hausawa nan. Wasu suka bi Wolseley, su ne suka riƙe igwa a faɗan Amoaful ran 31 ga Janairu 1874. Wasu suka bi Glover ta wajen kogin Volta. Ran 4 ga Fabrairu aka shiga Kumasi, bayan kwana biyu aka sa mata wuta. A shekarar nan aka fitar da lambar yaƙin, da ɗan allo mai rubutun Coomassie, don haka Turawan lokacin suke rubuta Kumasi.

Akwai wani ɗan labari daga wannan yaƙi da muke so mai karatu ya riƙe. Ran 17 ga Janairu 1874, a wani gari da suka rubuta Abogoo, wani hafsa Bature na rundunar Glover mai suna Reginald Sartorius ya shiga ruwan harsashi ya ɗauko wani samanja Bahaushe da aka yi wa mummunan rauni. Don wannan aka ba shi Victoria Cross, lambar jaruntaka mafi girma a Ingila. A cikin sanarwar gwamnati aka ambaci sunan samanjan, Braimah Doctor, aka ce raunin na ajali ne. Tarihin Sartorius yana nan a rubuce tun daga haihuwa har kabari. Shi kuwa Braimah, ba don Bature ya sami lamba a kansa ba, da ko sunan nan bai iso gare mu ba.

A 1879 aka kafa Gold Coast Constabulary da irin waɗannan mutane, ita ce ta zama Gold Coast Regiment a 1901, kuma ita ce tushen sojan Ghana na yau. Mindar da yaron nan ya kawo ta wannan runduna ce. An fito da irinta a 1892 don ƙananan yaƙe-yaƙen Afirka ta Gabas da ta Yamma, ba a ko sake zane ba, na 1874 aka maimaita, ɗan allon ne kawai yake nuna inda aka yi faɗa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi wuyar samu shi ne mai rubutun Dawkita 1897, domin sojoji wajen 40 ne kawai suka tsare wannan gari kwana huɗu daga mayaƙan Samori, tare da George Ekem Ferguson, masanin safiyo ɗan Anomabu, wanda aka kashe a Wa ba da daɗewa ba. Wanda duk yake da wannan a adakar gidansu, to kada ya bari kowa ya yi masa wayo. Akwai kuma tauraron tagulla na 1896, lokacin da aka kama Prempeh na Ɗaya. Shi ba a buga masa suna ba, sai dai a bayansa an rubuta cewa daga Sarauniya ne, don surukinta, mijin 'yar autarta, ya mutu da zazzaɓin cizon sauro a wannan tafiya. Sai ta yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, mai kan Sarki Edward na Bakwai, wadda aka ba sojoji ta azurfa, 'yan dako kuma ta tagulla.

To mu koma kan tamu. An ɗauki hoton rajistocin nan na Kew, ana samunsu ta intanet, saboda haka muka roƙi wani tsohon ɗalibinmu da ya fi mu sanin kwamfuta ya taimaka. Sai da muka yi dare uku muna bin rubutun hannu na akawun dā, ido na ruwa, sa'an nan muka same shi. Layi ɗaya ne tak: lamba, muƙami, suna, da alamar cewa ya cancanci allon 1897-98. Ba gari, ba shekaru, ba sunan uba. Iyakar abin da Ingila ta ajiye game da shi ke nan, kuma iyakar abin da mai saye a Landan zai taɓa sani ke nan.

Wani abu kuma, sunansa na farko na Musulmi ne, amma na biyu Grunshi aka rubuta. Haka akawun bariki suke yi, su ɗauki sunan mutum su liƙa masa na gari ko na ƙabila, wannan Kano, wancan Moshi, wancan Dagomba. Ko sojan da aka ce shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a yaƙin duniya na farko, a Togo cikin Agusta 1914, Alhaji Grunshi aka san shi. Turawa duk Hausa suke ce musu, don Hausa ce harshen bariki. Amma gidan su yaron nan, kowa a unguwa ya san su Kanawa ne. Muka rasa yadda za mu ɗauko maganar.

Ran Jumma'a bayan la'asar muka je da kanmu. Muka tarar da tsohuwar a kan tabarma tana jan carbi, shekarunta sun haura 80. Bayan gaisuwa muka ce, "Hajiya, mun zo mu dawo da amana ne, mu kuma nema wa jikanki gafara." Ta karɓa ta jujjuya ta, ta ce, "Malam, yaron nan zai sa mini hawan jini. To kun karanta abin da ke jiki?" Muka ce mun karanta. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Ashe kun ga sunan ke nan. Zauna sosai."

Ta ba mu izini mu ba da labarin, amma ban da suna. Mai mindar kakanta ne na wajen uba, Baba Tsoho suke ce masa, kuma ta san shi, don ta yi wayo kafin ya rasu. Yana da tsage a fuska irin wanda ba na Kanawa ba, an kuma hana yara tambaya. In yana gyaran goro shi kaɗai yakan yi 'yar waƙa ƙasa ƙasa da wani harshe da ba mai ji a gidan. Sai da ta yi aure wata gwaggonta ta faɗa mata. Yana yaro yana tsaron gona mahayan Zabarmawa suka faɗa wa ƙauyensu, aka kai shi kasuwar Salaga, wani madugu ya saye shi ya sa masa sunan Musulmi, ya yi shekaru yana dakon goro. Da ya ji labarin duk wanda ya shiga bariki ba mai iya fitar da shi, sai ya gudu ya shiga. Bayan sallama ya zauna nan zangon Kumasi, ya kama cinikin goro, ya yi karatu da girmansa, wani Bakano ya ba shi 'ya. Daga nan gida ya zama na Kanawa. Ɗakin da muke zaune a ƙofarsa shi ya gina shi. Yakan maƙala mindar a babbar riga ranar Salla, da kuma ran 11 ga Nuwamba in tsofaffin sojoji za su yi fareti.

Sa'an nan ta kawo maganar 1969. Matasa ba su san wannan ba sai a baki, mu ma a bakin iyaye muka ji. Ran 18 ga Nuwamba na shekarar gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama kwana 14 ya bar ƙasa. Zango ya rikice, mutane suna sayar da gida da kuɗin mota. Ta ce tana da goyo a lokacin, an riga an ɗaure kaya, ba su kuma san kowa a Kano ba. Sai mahaifinta ya buɗe adaka ya ɗauko mindar nan da takardar sallamar tsohon, ya tafi da su wurin hukuma. Sunan nan da aka yi shekaru ana ɓoyewa, shi ya nuna cewa su 'yan arewacin ƙasar nan ne, aka kwance kaya. Takardar gara ta cinye ta tuni, saura azurfar.

Muna tafiya gida muka tuna da wani abu. Allon 1897-98 an ba da shi ne don tafiye-tafiyen yaƙi na arewa, lokacin da Ingila da Faransa da Jamus suke rige-rigen kafa tuta. A watan Yuni 1898 Ingila da Faransa suka ja iyaka, iyakar nan kuwa ta ratsa ƙasar Gurunshi ta raba ta biyu, wani ɓangare yau yana Burkina Faso. Wato an mai da shi ƙasarsu da bindiga a kafaɗa, an kuma ba shi lamba don ya taimaka an tsaga ta. Mun tambayi Hajiya ko ya taɓa neman ƙauyensu a wannan tafiya, ta ce Allah kaɗai ya sani, bai faɗa wa kowa ba.

Kada wani ya ɗauka muna cewa a fito da kalangu a yi ta kirari da waɗannan lambobi. A ƙasar Asante muke zaune, da su muke kasuwa, 'ya'yansu muke koyarwa. An ba da lambobin nan ne don an ƙone Kumasi, an kai Prempeh da Yaa Asantewaa tsibirin Seychelles, inda ita ta rasu a 1921. Ko a 2024, da aka cika shekara 150 da Sagrenti, kayan sarauta 32 da gidajen tarihi biyu na Landan suka kawo fadar Manhyia aro aka ba da su, ba kyauta ba, kuma kowa ya ga yadda abin yake yi wa mutane ciwo har yanzu. Malamanmu na wancan zamani ma ba su yi murna da zuwan Turawa ba, wanda ya san Waƙar Nasara ta Alhaji Umaru na Karaci ya san haka. Kuma ba da soja muka fara zuwa nan ba, domin Turawan da suka ziyarci fadar Osei Bonsu a 1817 da 1820 sun tarar da fatake da malamai Musulmi a Kumasi. Amma mu a ganinmu, yaron da aka sayar a Salaga ba shi ya shirya yaƙi ba, mafaka ya nema ya samu inda ya samu. Jikokinsa ba su da dalilin yin alfahari da ƙone gari, ba su kuma da dalilin jefar da shaida guda ɗaya da ta rage mai ɗauke da sunansa. Mai saye yana da rajista amma ba shi da Hajiya. Mu muna da su Hajiya, sai dai kullum raguwa suke yi. Ranar da mindar ta hau jirgi, layin nan ɗaya da labarin nan sun rabu ke nan har abada.

Saboda haka ga roƙonmu ga duk gidan da yake da irin wannan, a Kumasi ne ko Ankara ko Tamale ko Salaga. Kada a goge ta da toka da lemun tsami, baƙin nan ba datti ba ne, gugar kuwa tana cinye rubutun. Kada a yar da ƙyallen ko ya tsufa. In biyu ne ko uku na mutum ɗaya, kada a raba su wurin gado, a bar su hannun mutum ɗaya amana. A kwafi duk abin da ke gefen harafi harafi, ko da an ga kamar kuskure ne, don da wannan kuskuren aka rubuta shi a rajista. A ɗauki hoton fuska biyu da gefen da wayar hannu. Abin da ya fi duka, a zauna da tsofaffi a ɗauki muryarsu tun suna nan. In talauci ya tilasta sayarwa, ba mai ganin laifin kowa, mu ma mun san zafin ƙarshen wata. Amma a fara sanin abin da ake sayarwa tukuna, kada a yi rashin sani irin na kazar da ta kwana a kan dami.

Mai sayen nan ya koma gidan su Hajiya a makon da ya wuce. Da ta ce a'a, nan take ya ninka tayinsa biyu, abin da ya sa ta ƙara riƙe ƙunshinta. Babban ɗanta yana ganin a sayar a gyara rufin ɗaki kafin damina, kuma mun ga rufin, yana da gaskiyarsa. Ba mu sa baki ba, maganar gida ce. Shi dai yaron ya cika shafi shida na littafinsa da abin da ya ji daga bakin kakarsa, ya kuma ce a hutun nan yana so a kai shi gidan tarihin soja da ke tsohuwar kagarar Kumasi.

Duk ranar Asabar bayan la'asar muna nan a makaranta da gilashin nan da littafin rubutu. Mai minda ya zo da abarsa mu karanta tare, ya koma da ita gida. Ba ma saye, ba ma kuma karɓar ajiya. Wanda yake nesa ya aiko da abin da ya kwafa ta hannun edita. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.